Littafi Mai Shuɗin Bango

Sule Tankarkar,
9 ga Maris, 1956.

Zuwa ga aminina Malam Sallau, malamin kasuwar Maigatari.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fatan kana lafiya, kai da Asama'u da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya zafi, yaya fama da mutanen Damagaram ranar Alhamis?

Bayan haka, Bappa mai kanwa ya iso da gwangwanin littattafanmu tun makon jiya, kuma ina da ƙorafi. Shekara shida ke nan ana yi mini rashin adalci. Gwadabe ya karɓi littafi sabo fil a tashar jirgi ta Gagarawa, ya miƙa wa Haladu a Gumel, Haladu ya miƙa maka, sai ya gama shan wahala sannan ya iso wurina. Wannan mai shuɗin bangon ya zo da tabon man gyaɗa a shafi na uku. Ba sai na tambayi mai shi ba, malamin awon gyaɗa ɗaya ne a cikinmu, Gwadabe.

Amma littafin ya yi. Tun daga inda rijiya ta rufta da ƙanen Manu mai haƙar rijiya, shi kuma ya kasa duban idon mahaifiyarsu ya bar gari, na san marubucin ya san mutane. Abin da ban yafe masa ba shi ne ƙarshen. Don me zai kashe Manu a cikin rijiyar wani gari, ba tare da ya koma gida ba? Mutum ya yi shekara goma yana gudun rijiya, a ƙarshe rijiya ta cinye shi! Na yarda da Gwadabe, wannan mugunta ce. Tun da ka riga ka karanta, ban karya dokarmu ba da na faɗa. Ra'ayina yana nan bayan littafin, na naɗe na liƙe da ƙaro kamar yadda muka saba.

Ƙaramin littafin waƙoƙin nan da Haladu yake ta yabo ban buɗe shi ba tukuna. Haladu ko tallan sabulu aka rera masa sai ya yi hawaye. Kai me kake karantawa yanzu? Ka gama na tarihin nan, ko har yanzu shi ne matashin kanka?

Wani roƙo kuma. In za ka rubuto, ka ƙara girman hannunka. Rubutunka ya koma kamar jerin kiyashi, su ma masu ɗab'i sun fara rowar tawada.

Hasanatu tana gaida Asama'u. Ka huta lafiya.

Naka,
Ishaƙ, malamin hakimi.


Sule Tankarkar,
2 ga Afrilu, 1956.

Zuwa ga Malam Sallau.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, takardarka ta same ni. Ka ƙara girman rubutun kamar yadda na roƙa, na gode. Da ma ba ka ƙara ba, da ban ga abin kunyata da kyau haka ba.

Ka ce ka sake duba littafin a ranka daga farko har ƙarshe, ba ka ga inda Manu ya mutu a rijiya ba. Ka tambaye ni ko wani littafin daban Bappa ya kawo mini. A'a, shi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Sallau. Ban karanta shi ba.

Shafi ashirin da biyu na karanta, a cikin kwana tara, ina zaune a tsakar gida da hantsi, littafin yana taɓa hancina. Daga nan baƙaƙen suka narke. Tun damina ta bara abin ya fara, kamar hayaƙin ɗanyen itace a gefen idona na hagu, yanzu ya ci rabin na dama. Ban gaya wa kowa ba, har Hasanatu. A ofis ina rubuta takardun hakimi da sabo, hannuna ya san hanya, amma abin da na rubuta ba na iya maimaita shi.

To ga abin da na yi. Ni ne na kafa mana doka biyu a zauren Haladu: ba a buɗe takardar ra'ayin wani sai an gama littafi, kuma ba a gaya wa wanda bai karanta ba ƙarshen labari. Ka tuna shekarar da Gwadabe ya yi suɓul da baka, na sa aka tsallake shi zagaye guda, na yi wata ban amsa takardarsa ba? To ni ne na riƙa ɓamɓare ƙaron ina buɗe takardun. Taka da ta Haladu ba sa karantuwa gare ni. Ta Gwadabe kuwa, da yake rubutunsa kamar kaza ta yi tono ne, kowane baƙi ya kai ƙwayar gyaɗa, ita nake gani. Sai in ɗauki ra'ayinsa in sa masa riga da hula in mai da shi nawa. Littafi uku na yi haka kafin wannan.

Jiya takardarsa ta zo, yana ta dariya a ciki, ashe labarin abin da na rubuto maka ya kai masa. Ya ce tun da muka haɗu ban taɓa yarda da shi a kan komai ba, ko a kan tuwo, sai ga shi na yarda da shi sau uku a jere. Shi ya sa ya ɗana mini tarko, ya ƙirƙiri mutuwar Manu ya liƙe. Yana zaton lalaci ne ya kama ni, ko girman ofis. Ban ga laifinsa ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ban iya amsa masa ba, kai ka gaya masa, ka gaya wa Haladu.

Wallahi ba ƙaryar ce ta fi damuna ba. Tsoro nake ji kada gwangwanin ya daina biyowa ta nan. A garin nan ba ni da wanda zan yi gardamar littafi da shi, ku uku ne kaɗai, ku ɗin ma a takarda.

Kada ka gaya mini abin da ya sami Manu. Na riƙe littafin, zan gama shi da idona in Allah ya so.

Naka cikin kunya,
Ishaƙ.


Sule Tankarkar,
20 ga Yuni, 1956.

Zuwa ga aminina Sallau.

Ina gaishe ka, ina gaida gida. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan an yi shuka, gero ya fara tsiro, haka aka gaya mini. Ka yi haƙuri da layukan nan in sun hau juna, da kara nake auna su.

Na je Kano wurin likitan ido kamar yadda kuka matsa. Gwadabe ya tare ni a Gagarawa, ya sa ni a jirgi da kansa. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, ranar nan har jirgi ya tashi bai yi mini tsiya ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai karya mini zuciya, da ma ya zage ni.

Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce take mutuwa, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ya ba ni maganin ɗigawa. Kafin wannan na sha rubutu, na yi tozali iri uku, Hasanatu ta jiƙa duk saiwar da aka kwatanta mata. Ban raina ko ɗaya ba, amma hayaƙin bai san da su ba.

Na gaya wa hakimi gaskiya. Ya yi mini addu'a, ya yi mini alheri, an kawo wani malamin daga Gumel. Bayan sallah za mu koma gidanmu na gado, ƙauyenmu da ke gaba da Ɗanzomo. Ka san wurin, gida goma sha ne da rijiya ɗaya, ba wanda ya taɓa zama a ajin boko.

Na ƙara shafi huɗu a kan ashirin da biyun nan. Manu ya isa wani gari, an ba shi masauki a gidan wata tsohuwa mai kama da uwarsa, ya kasa cin abincinta. A nan na tsaya, ba don na so ba. Ga littafin nan na ba Bappa ya mayar. Ku cire ni daga zagayen, kada jakin bawan Allah ya riƙa ratse saboda wanda ba ya gani. Amma in kun karanta sabo, ku riƙa gaya mini ko ya yi ko bai yi ba, da wanda ya yi gardama da wa. Ko ƙanshin miya ma wani abu ne ga mai yunwa.

Naka har kullum,
Ishaƙ.


Ɗanzomo,
14 ga Disamba, 1956.

Zuwa ga Malam Sallau, da Malam Haladu, da Gwadabe, amma a hannun Sallau.

Gaisuwa irin ta 'yan'uwa, da fatan kun yi kaka lafiya. Za ka ga takardar nan da ajami take, kuma ba hannuna ba ne. Ni nake faɗa, Hasanatu take rubutawa, da karatun da ta samu a zauren mahaifinta. Ta ce in gaya maka kada ka yi mata dariya, rabonta da alƙalami tun tana budurwa.

Bappa ya kawo kayan ranar Talata. Da ya ɗora mini a cinya na zaci turmin atamfa ne. Shi ya gaya mini abin da kuka yi: kun raba mai shuɗin bango gida uku, kun kwafe shi kaf da alƙalamin kara da tawadar allo, kowane baƙi kamar babban yatsa, don in iya gani. Ya ce wata biyar kuka yi. Ya ce Gwadabe a bayan takardun awo ya yi nasa, a tsakiyar cinikin gyaɗa, Haladu kuma har yatsansa ya yi kanta.  Na yi kuka a gaban Bappa, ban ji kunya ba.

Sallau, kun makara da wata biyu. Tun watan Oktoba hasken ya ƙare. Yanzu ina sanin rana ta fito ne in ta taɓa fuskata.

Na sa an kai ni bakin ƙofa, na buɗe, na kawo shi kusa, na kai shi nesa, na juya wa rana baya, na fuskance ta. Babu. Sai na bi da yatsa. Tawadar ta yi tudu, har ina gane hannun kowa. Na farkon na Gwadabe ne, ya danna alƙalami kamar yana faɗa da takardar. Na tsakiya na Haladu ne, a tsanake. Na ƙarshen naka ne, na san yadda kake jan wutsiyar baƙi. Ina gane ku, amma ba na gane abin da kuka ce.

Ga abin da ya fi ciwo. Da boko kuka rubuta, don kun san ni da boko. Ido biyun da suka rage a gidan nan ajami kaɗai suka sani. Ba laifinku ba ne, wa zai tuna da Hasanatu? Ni ma ban tuna da ita ba. Shekarar da aka kawo ta ta roƙe ni in koya mata baƙaƙen da nake ta murmushi a kansu, na ce sai an gama aikin haraji. An gama haraji goma sha ɗaya tun daga ranar. Yanzu ita ce take rubuta wannan maganar da hannunta, ƙarar alƙalamin kawai nake ji.

Mun gwada. Ina zana mata baƙi a ƙasa da yatsa, ba na ganin abin da na zana, ita kuma ta nemi mai kama da shi a takardarku. Jiya daga gama daka har azahar muka fitar da layi ɗaya, shi ma na riga na san shi. Ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga ni a kanta. In da haka za mu bi, zan riga Manu isa inda za ni. Kada kuma ku ce za ku sake kwafewa da ajami. Na rantse ba zan karɓa ba, wata biyar na rayuwarku ya isa. Littafin yana nan a ƙarƙashin matashina, a naɗe cikin zanen Hasanatu saboda gara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Saura roƙo ɗaya, na yi kwana uku ina juya shi kafin in iya furtawa. Wata shida ke nan na bar mutumin nan zaune a gidan tsohuwa da ƙwaryar tuwo a gabansa, bai ci ba. Ina tashi da shi, ina wuni da shi. Kai ka kwafi kashin ƙarshe, ka fi kowa sani. Ka rubuto da ajami, da ƙananan baƙaƙenka ma in ka so, Hasanatu tana gani.

Dokar nan ni na kafa ta, kuma na hukunta Gwadabe a kanta. Ka gaya masa ya rama, ya tsallake ni zagaye nawa ya ga dama. Amma kai ka faɗa mini, Sallau. Manu ya koma gida? Ya tarar da uwarsa da rai?

Hasanatu tana gaida Asama'u. Bappa zai biyo ta nan ranar Talata ta sama, zan zauna a bakin ƙofa.

Naka,
Ishaƙ.