Zangon da Muka Yi a Kwamfuta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Baba? Inna ta ce yanzu yana iya riƙe cokali da kansa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Ɗakina ƙarami ne, tagarsa bango take kallo, amma ana sabawa.

Yaya, akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ranar da Baba ya faɗi kika kira ni, na ce miki ba halin zuwa, ana kiran suna a aji. Ƙarya na yi miki. Duk zangon nan a kwamfuta muka yi karatu, malami ya ɗora darasi, kowa ya kalla daga inda yake. Wata 'yar ajinmu ma a asibiti ta rubuta jarrabawa, tana jinyar mahaifiyarta. Da na tambaye ta yadda take yi, sai ta ce, "Ai kujera ce kawai da caja."

Tsoro ne ya hana ni. Na kasa jure ganin Baba ana juya shi a gado, sai na bar miki ɗawainiyar ke kaɗai, har kika rufe shagon ɗinkinki.

Na sayi tikiti, ranar Laraba zan iso. Kada ki gaya wa Baba wannan, ni zan faɗa masa da bakina. In kin ga dama ki tarbe ni a tasha. In kuma ban gan ki ba, na san dalili.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta