Ni na hana shi shan ruwa a gonar Baba

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Mijina tela ne a kasuwar Bodinga, ni kuma 'yar Shagari ce, gidanmu duk manoma. Duk zuwan da na yi gida sai yayana ya tsokane ni, wai na auri mai tafin hannun mata. Abin yana ci mini rai. Da damina Baba ya kira gayyar noma, sai na matsa wa mijina ya je. Na ce kada ya yarda wani ya riga shi kai ƙarshen kunya, kada ya zauna, kuma kada ya kuskura ya sha ruwa a gaban surukinsa, a ce ba shi da kunya. Mutumin da ya shekara goma a kan keken ɗinki! Wane irin tunani na yi? Tun hantsi har la'asar yana duƙe, makaɗa suna zuga shi, ni ina cikin mata ina jin daɗi.

Washegari ya kasa ɗaga hannu, cinyoyinsa suka kumbura. Ya ce mini fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Na ce gajiya ce, na yi ta ɗura masa ƙwayoyin ciwon jiki, don kada a ji a Shagari cewa gayya ɗaya ta kwantar da shi. Kwana uku na ɓoye shi, har fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya.

A asibiti a Sakkwato likita ya ce tsokar jikinsa ce ta farfashe saboda aikin, dattinta ya toshe ƙoda, rashin ruwa da ƙwayoyin suka ƙara. Yanzu wankin ƙoda ake yi masa.

Surukata ba ta yarda da wannan ba. Ta ce yayana ne ya jefe shi da asiri, wai saboda mijina ya kunyata shi a gona. Ta hana 'yan gidanmu zuwa dubiya, Baba ya zo da kansa aka mayar da shi daga ƙofa. Ni kuwa kullum sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ke kaɗai ce ta kirki cikin gidan ga naku."

Na gaya wa mijina zan faɗi gaskiya. Da ƙyar ya buɗe ido ya ce, "Ki yi shiru. In Inna ta jiya, ba ta bari ki ƙara kwana ɗakina. Wa za shi kula da ni?"

Jibi dangin mijina za su je wurin hakimi su kai ƙarar yayana, mutumin da sau biyu ya miƙa wa mijina gorar ruwa a gonar, mijina ya ƙi karɓa saboda ina kallonsa. Jama'a, me zan yi?