Saura Kwana Guda

Zuwa ga Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da su Surayya, ya kuma sa zaman Fatakwal ya ci gaba da karɓar ku. Mu nan Wurno alhamdu lillahi. Maigidana Abubakar ya warke daga zazzaɓin nan, har ya koma lambun albasarsa. Inno tana nan wurina. E, kin karanta daidai, ta baro gida. Amma yadda aka yi ta baro shi ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kin san tun bayan Sallah mutanen ƙauyenmu ke watsewa saboda 'yan bindiga. Gidan liman sun koma Rabah, maƙwabtanmu sun yi Goronyo. Na je ɗauko Inno, ta ce ba inda za ta sai ta gama ɗinkinta. Ɗinkin kuwa, Yaya, ke kika ja mana shi. Hoton nan da kika turo na doguwar shimfiɗar tsakiyar tebur, mai auduga a ciki, wadda aka harhaɗa da ƙyallaye masu lanƙwasa, wai Inno ta gwada ko ta rage kewar Baba. To ta gwada! Ta ɗauko rigunan marigayi, shuɗiyar shaddar nan ta Juma'a da farar, ta yayyanka su. Da na ce ta zuba guntayen a jaka ta ƙarasa a Wurno, kallon da ta yi mini har yanzu ina jin sa. Ta ce, “Ban ɗaukar Malam a warwatse. Cikin gidanai zan haɗa shi, sannan mu tahi.”

Ke da kika ga hoto kawai ba ki san wahalarsa ba. Kowane haɗi guntaye biyu ne: fari mai rami kamar jinjirin wata, da shuɗi mai doro da zai shiga cikinsa. In kika kara bakunansu sai ki rantse ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sai an ninke kowanne an nemo tsakiyarsa, an haɗa tsakiya da tsakiya an soka allura, sannan a bi bakin a hankali, a ɗan tsattsaga na farin don ya kwanta. In kika ja, yadin ya miƙe, shi ke nan. Ga shi ba sauran riga da za a sake yankowa. Irin wannan haɗi Inno kwana take kiransa, kamar kwanar hanya.

Nan matsalar ta faro. Ƙanenmu Lawwali ya bugo waya daga Tursa yana tambayar yaushe zai zo da babur. Inno ta karɓa, waya tana ta yankewa, ta ce masa saura kwana guda. Shi kuwa ya ɗauka gobe take nufi. Sai ya je ya haɗa mu da ayarin 'yan kabu-kabu da za su kwashe sauran mutane da safe, wanda kowa ya san daga shi ba mai sake bin hanyar nan kwana kusa.

Da hantsi suka iso, babura a kunne a ƙofar gida. Lawwali ya shigo ya tarar da Inno a kan tabarma, ta jera guntayen ƙarshe a cinya, ko mayafi ba ta ɗauko ba. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ran nan. Ya ce, “Inno, don Allah mi kike jira? Ke kinka ce saura kwana guda!” Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ita kwanar ɗinki ta ce, ba ta barci ba.

Ni kin san ni da gaggawa. Na fizge guntayen na hau keken ɗinki, na take shi da ƙarfi ina jan yadin don bakunan su zo daidai. Da na ɗago, ya tattare kamar bakin jakar da aka zuge.  Inno ta ɗauki reza ta fara warwarewa zare bayan zare. A waje mutane suna ta kiran Lawwali, wasu har sun fara tafiya. Can daga yamma muka soma jin ƙarar waɗansu babura, ba wanda ya san na su wa ne. Wata mata a ƙofar gida ta fara salati.

Inno ta gama warwara, ta ninke, ta haɗa tsakiya da tsakiya. Ta ɗauki allura za ta zura zare, hannunta ya kama rawa. Ta gwada, ta sake gwadawa, zaren yana wuce kafar. Matar da ta ɗinka mana kayan aure duka, ni ban taɓa ganin hannunta ya yi haka ba, sai na ji tsoro ya kama ni fiye da na ƙarar nan. Na durƙusa na ce ta ba ni in zura mata, ta girgiza kai. Ta miƙe da shuɗin guntun, ta shiga ɗakin Baba ta sa shi ƙarƙashin buzunsa, ta ja ƙofa. Sannan ta naɗe shimfiɗar ta rungume, ta ce wa Lawwali mu tafi. Ya ce ai a ɗauko guntun, aljihu ma zai shiga. Ta ce, “Bar shi nan shi tsare muna gida. In mun komo in haɗa.”

Mun iso lafiya, Allah ya tsare, har yau ba mu san masu baburan can ba. Shimfiɗar tana kan akwatinta, ta yi kyau ƙwarai, sai dai ramin nan a gefe ɗaya. Abin da nake roƙonki, kada ki turo yadi mai kama da shi, kada kuma ki tambaye ta ko ta gama. Jiya surukata Sa'adiya ta zo yi mata sannu, ta tambaye ta sai yaushe komawa gida. Inno ta shafa ramin ta ce saura kwana guda. Na buɗe baki zan tambaye ta wanne daga ciki take nufi, kwanar ɗinki ko kwanan barci, sai na kasa.

Ki gaida maigidanki da Surayya da ƙannenta. Abubakar da Lawwali suna gaishe ku. Ki sa ƙauyenmu a addu'a.

Taki ƙanwa,
Safara'u