Kujerar da Ban Rufe Ba

Zuwa ga Malamata, hasken shagona, inuwata in rana ta take, ruwan sanyin da na samu bayan doguwar ƙishirwa,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa ƙofa, ya rasa ta inda zai shigo sai ta takarda. Yaya ƙarfin jiki? Na san tambayar nan ta ishe ki, kowa ita yake kawo miki, amma tawa ba ta fatar baki ba ce, da ita nake kwana, da ita nake tashi. Ƙanwarki Auta ta isar mini da saƙonki. Ta tsaya a bakin shago, ta ƙi zama, ta ce kin ce in daina zuwa, in daina kira, in je in nemi mace mai lafiya. Tana faɗa tana kallon ƙasa. Ni kuwa ga guduma a hannuna, na rasa inda zan ajiye ta, kamar ba a shagon nan na ƙarar da ƙuruciyata ina gyaran kujeru ba.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa? Kujerar marigayi babanki kika kawo, wadda tsakiyarta ta lotsa har in mutum ya zauna sai an ba shi hannu. Na kifa ta, na farke yadin ƙasa, na ce miki sifirin ɗinta ne suka mutu. Kika yi dariya irin ta malaman Turanci in sun kama ɗalibi, kika tambaye ni ko na san kalmar da nake cin abinci da ita. Na ce na san ta mana, ƙarfe ne murɗaɗɗe, in ka danne shi ya taso. Kika ce to, ɗaki ɗaya na sani a gida mai ɗakuna da yawa. Kika ɗauki allin da nake zana yadi da shi, kika rubuta mini ita a jikin ƙofa yadda masu ita suke rubutawa: spring. Rubutun yana nan har yau, na hana kowa jingina a wurin.

Daga ranar kika mai da shagona hanyarki ta komawa gida daga makaranta, wai duba aiki kike zuwa yi. Wane aiki, Malama? Kujerar da tuni na gama? Kowane zuwa sai ki buɗe mini ɗaki guda. Kika ce da kalmar nan suke kiran idon ruwa, inda ruwa ke ɓullowa daga ƙasa ba wanda ya haƙa shi. Wata rana kika ce ita ce sunan lokacin da sanyi ke janye jiki a ƙasashensu, itatuwan da suka tsaya tsirara kamar matattu su fara toho. Wata rana kuma kika ce in kyanwa ta zabura ta cafke ɓera, da ita ake faɗa. Na ce miki mutanen nan rowar kalma gare su, guda ɗaya suke sa wa aikin mutum huɗu ba hutu. Kika harare ni, kika ce ba rowa ba ce, zumunci ne. Uwarsu ɗaya, wata tsohuwar kalma ta kakanninsu mai nufin zabura, fitowa da ƙarfi bayan an danne. Ruwan ya zaburo daga ƙasa, tohon ya zaburo daga reshe, ƙarfena ya zaburo daga ƙarƙashin mai zama. Ranar na koma gida ina kallon tarkacen shagona kamar na auro su daga gidan manya.

Kika ce akwai saura, kalmar ba ta ƙare ba, amma ba za ki faɗa mini ba sai ranar da muka tare a ɗakinmu na aure. Kin san ga waya a aljihuna, in na so yanzu zan duba. Ban duba ba. Kwanaki wani lauya ya kawo kujerar ofishinsa, ya ga rubutunki a ƙofa, ya gyara murya zai zuba mini ilimi. Na kama buga kusa a katakon da ba ya buƙatar kusa, har bawan Allah ya gaji ya yi shiru. Ba na son jin sauran a bakin kowa sai naki.

Akwai abin da Baba, maigidana da ya koya mini sana'a, ya dasa mini tun ina riƙe masa almakashi. Ba a rufe ƙasan kujera sai mai ita ya zo ya zauna. Kowa da nauyinsa, kowa da yadda yake sakin jiki. Sai ya zauna, ka durƙusa ka leƙa, ka ga yadda sifirin suka karɓe shi, ka ƙara ɗaure igiya a nan, ka sassauta a can, sannan ka ja yadi ka buga kusa. Haka na yi wa kujerar da nake haɗa mana mai cin mutum biyu, wadda kika zaɓar mata yadi kore kika ce kalar toho ce. Gefena na ɗaure shi tamau, don kin sha tsokanata cewa tumbina ya riga ni shiga ɗaki. Gefenki na ɗaure shi da ƙiyasin ido, ina jira ki zo ki zauna. A makon da za ki zo ne likita ya kira ki ya faɗa miki abin da ya gani a ƙirjinki. Ba ki zo ba. Kujerar tana can ƙuryar shago, cikinta a buɗe, na lulluɓe ta da zane saboda ƙura.

Na gan ki, sanyin idona. Ba bin ki na yi ba, kujerun wani ofishi na mayar asibitin, sai ga ki a dogon barandan da ake jiran layi. Kina zaune a bencin ƙarfe, kin naɗe mayafinki kin sa a ƙarƙashinki, kina ta gyara zama. Wani zai ga mace ce kawai ta gaji da jira. Ni aikina ke nan, na san zaman wanda ƙashi ke taɓa masa ƙarfe. Zoben alkawarin da na ba ki ya koma babban yatsa. Na laɓe a bayan ginshiƙi kamar ɓarawo, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Da Auta ta dawo karɓar littattafanki da kika bari a shago na matsa mata, na ce ta gaya mini gaskiyar dalili. Ta daɗe tana murza bakin gyalenta, sannan ta ce, "Yaya ta ce ko kujerar ma ba za ta gane ta ba yanzu."

Haba Malama! Ke da kika karanta littattafai har suka ci miki ido, wannan ne hukuncinki? Kin ɗauka nauyinki na nema, ko kumatunki, ko gashin da maganin nan ya kwashe? Wa zai harare ni in na kwafsa? Wa zai tsaya a ƙofar nan da jakar takardun jarrabawa, ƙurar alli a hannun riga, ya ce mini ɗalibi ya gaida malamarsa? Kin yanke mini hukunci ba ki kira ni ba, kin ce sauƙi kike nema mini. Ban ga sauƙin ba. Shagon ya yi mini faɗi, abinci ya zama magani, in na ji takun takalmi a bakin titi sai zuciyata ta zabura, in leƙa in ga ba ke ba ce.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na san za ki warke ba. Wannan yana hannun Allah, kuma kullum ina kai masa kukana. Abin da ke hannuna shi na yi. Da na dawo daga asibiti na yaye zanen, na yanke igiyoyin gefenki duka. Na cire sifirin masu tauri na sa masu taushi, na ɗaure su sako-sako, na ƙara soso mai laushi a inda ƙashin baya ke sauka. Amma duk ƙiyasi ne, daga bayan ginshiƙi na auna ki, ga hawaye a ido. Ba zan sani ba sai kin zauna. In kin ƙara ramewa in sake kwancewa, in kin murmure in sake ɗaurewa. Ban taɓa gajiya da wannan aikin a kan baƙi ba, balle a kanki.

Ki zo, ko Auta ta riƙo ki. Ba sai kin yi magana ba, ba sai kin biya ni bashin sauran ma'anonin ba, ki riƙe abinki har ranar da kika ga dama. Ki zauna kawai, in durƙusa in leƙa. Kusoshin rufewa suna cikin gwangwani a kan hannun kujerar, guduma na kusa da su. In ba ki zo ba, haka za ta tsaya a buɗe, don ba mai zama a gefen nan bayanki.

Naki, da lafiyarki da rashinta, har ranar da hannuna zai kasa ɗaga guduma,

Ɗalibinki mai gyaran kujeru