Katafila Ta Tashi, Rijiyarmu Ta Mutu

Zuwa ga Shugaban Garejin Manyan Injuna mai kula da ayyukan karkara a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Sunana Rabi Mahamman, matar aure, uwar 'ya'ya biyar, a ƙauyen Kukar Illo da ke ƙasar Garhanga. Na yi kwalej a Tawa kafin in yi aure, kuma ina iya rubuta maka da Faransanci in liƙe a ambulan. Na zaɓi Hausa da buɗaɗɗiyar takarda domin matan garinmu su ji abin da na faɗa da sunansu, kada gobe a ce Rabi ta ƙara gishiri.

Maganar rijiyarmu ce. Masu gyaran da ka turo sun tayar da tsohuwar katafilar da ta mutu a garinmu, amma sun bar mu babu ruwan sha.

Na sani ba ka taɓa zuwa nan ba, don haka bari in gaya maka yadda wurin yake. Rijiya ɗaya muke da ita mai ruwan daɗi, sauran duk zartsi ne, ko jaki sai ƙishirwa ta kai masa wuya yake sa baki. Jikinta akwai kwamin siminti inda ake shayar da bisashe. Kusa da kwamin nan katafilar take, irin mai shebur a gaba da dogon hannun haƙa a baya. Tun shekarun fari aka kawo ta don ta haƙa mana tabki, ta yi ɗan abin da ta yi, wata rana ta yi tari ta tsaya, aka tafi neman wani ƙarfe ba a dawo ba. Tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar direba, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Babbar ɗiyata Hadiza a goye take lokacin da injin nan ya mutu, ga shi bana take shirin jarrabawar fita firamare.

Da mai gari ya sanar cewa za a gyara ta, a yi amfani da ita wajen tare ƙoramar da ke cinye gonaki kowace damina, babu wanda bai yi murna ba. Aka raba aiki: injin ya yi haƙa, maza su yi gini, mata su kwaso duwatsu daga tudu. Abincin baƙi ma mu mata muka ɗauka gida-gida. Ranar da ta zo kaina, zabuwata na yanka musu.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, mutanen nan sun iya aikinsu. Na ga sun sauke tankin mai cike da tsatsa, sun kwance injin har cikinsa, sun sake tiyo-tiyon da rana ta cinye, sun ɗauko batir daga kamiyonsu, babbar motar da suka zo da ita. Ranar da katafilar ta tashi, ta watso baƙin hayaƙi har saman bishiyar aduwa, ta ɗaga hannun nan nata a hankali, ni ma na yi guɗa tare da sauran mata. Ban janye guɗata ba. Abin da suka yi kafin ranar nan da bayanta shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko. Da yake a duk garin babu wani wuri mai siminti sai kwamin shayar da bisashe, shi suka mayar wurin wankin ƙarafa. Suka toshe ramin da ruwa ke fita da tsumma, suka cika shi da gazuwal, man da manyan motoci ke sha, suka jiƙa kayan injin a ciki kwana da kwanaki. Da man ya yi baƙi sai su zare tsumman ya kwarare a gindin rijiya, su sake zuba sabo. Tsohon man da ya shekara da shekaru a cikin injin, mai kauri kamar kwalta, nan ƙasa suka tsiyaye shi. Da wani tiyo ya fashe ranar gwaji, jan mai ya fesa har kan itacen da muke jan igiya a kai, ba wanda ya sa hannu ya goge. Bakin rijiyar nan a tsattsage yake, kowane yaro ya san haka, kuma idonsu ya gani.

Na biyu. Gugar gari, wadda kowace mace ke jan ruwan gidanta da ita, ita suka riƙa ɗauka suna ɗiban gazuwal daga tano, gangarsu ta ƙarfe. In sun gama su ɗauraye ta da yashi su rataye inda suka same ta. Na kama ɗaya daga cikinsu da ita a hannu tana ɗigar mai. Na ce masa, uwarka in ta ga ka ɗauki ludayin furarta ka kwashi kashin kaji ka mayar mata cikin ƙwarya, mi za ta yi maka? Ya sunkuyar da kai, abokansa suka fashe da dariya. Washegari gugar ta koma tano.

Na uku, abin da ya biyo baya. Yau in ka leƙa rijiyar da hantsi za ka ga saman ruwan yana walƙiya da launi-launi. Fura tana warin gareji. Tuwo ma haka, duk yawan daddawar da ka sa a miya ba ta rufe shi. Tulun ƙasa yana shan wari, in ya sha kuwa ba ya saki. Randar da uwata ta ba ni ranar aurena na wanke ta da toka, na wanke ta da sabulu, na turara ta, daga ƙarshe na fitar da ita bayan gida na kife. Autana Sani ya yi ta amai har idanunsa suka faɗa. Na goya shi zuwa likita a Keita, ma'aikacin ya shinshina ɗan ruwan da na kai masa a kwalba, ya ce kada in ƙara ba ko ɗan akuya. Sani ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma ba kowace uwa ke da ƙafar zuwa Keita ba.

Limaminmu kuma ya faɗa a masallaci cewa ruwan da warinsa da ɗanɗanonsa suka sake saboda abin da aka zuba masa ba ya alwala. Surukata tsohuwa ce da ba ta gani sosai, ta daɗe tana alwala da ruwan nan kafin a gaya mata. Da ta ji, ta zauna tana kuka tana tambayata sallolin da ta yi ina matsayinsu. Ranka shi daɗe, wace amsa zan ba ta?

Yanzu daga wata rijiya can bayan tudu muke ɗauko ruwa. 'Yan mata su fita da asuba, su dawo rana ta take. Hadiza sai an kusa tashi daga karatu take isa lakwal, wuyanta a sage, malaminta yana aiko mini da faɗa, kuma gaskiyarsa ne.

Na huɗu, kuma wannan ya fi komai tayar mini da zuciya. Na je na sami shugaban masu gyaran, Malam Arzika, na gaishe shi yadda ya kamata, na gaya masa halin da ake ciki. Yana kishingiɗe a inuwar kamiyo yana sakace, bai ko gyara zama ba. Ya ce, "Haba Madam, ai mai bisa ruwa yake tsayawa, ku kwashe na sama ku sha na ƙasa." Ya ƙara da cewa gazuwal maganin tsutsar ciki ne, kamata ya yi mu gode. Yana cikin wannan magana sai ƙishirwa ta kama shi, ya miƙa hannu ya jawo wani bido, 'yar jarkar ruwa, daga ƙarƙashin kujera ya sha. Na tambayi direbansu daga ina ruwan, ya ce ai sun daɗe da daina shan na rijiyar, daga birni ake kawo musu duk lokacin da aka je ɗauko kaya, da shi suke sha, da shi suke alwala.

Ashe sun sani. Tun kafin yaro na farko ya yi amai sun sani, suka tsare cikinsu da sallarsu, suna zaune suna kallon mata da goyo suna jan abin da su ba za su kai bakinsu ba. Kuma da la'asar su miƙa hannu su karɓi tuwonmu. Na yi renon yara, na wanke abin da uwa kawai ke iya wankewa, ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ranar nan ba. Mutumin da ya iya tayar da mataccen ƙarfe amma bai iya cewa "kada ku sha" ba, ban san wace tarbiyya ya samu a gidansu ba, kuma ba na son 'ya'yana maza su tashi suna ganin haka ake zama gwani.

Mazan garinmu ma ban wanke su ba. Sun yi shiru ne don tsoron kada a yi fushi a ɗauke injin kafin a tare ƙorama. Mijina yana Abijan wajen nema, da yana nan da shi zan fara yi wa wannan faɗa. Na girmama mai gari, amma na gaya masa a gabansa cewa hatsin da za a noma a gonakin da ake son ceto, da ruwa za a dafa shi.

Ga abin da muke roƙo, ba kuma alfarma ba ce.

A sa ita katafilar, tunda yanzu tana da rai, ta kankare ƙasar da ta sha mai a kewayen rijiya, a kai ta nesa da gari, a zubo sabuwa. Wannan ba ya jira, domin gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ruwan farko kuwa duk abin da ke ƙasar nan cikin rijiya zai tura shi.

A turo masu yasa da famfo su kwashe ruwan har ƙasa, a ɗinke bakin da siminti, a fasa kwamin a gina wani. Guga da igiya mu za mu saya da kanmu.

Kafin a gama, motar da ke kawo wa ma'aikatanka ruwa ta riƙa kawo wa masu jego da tsofaffi da ƙananan yara.

Malam Arzika kuma ba na neman a raba shi da abincinsa, yana da iyali. Ina so ya tsaya a bakin rijiyar nan gaban matan gari ya faɗi da bakinsa cewa ya sani ya yi shiru. Sannan ka kafa doka a garejinka, kada a sake kwance inji kusa da ruwan shan mutane a kowane gari.

Mu matan Kukar Illo mun taru a gidan ungozoma mun yanke shawara. Daga ranar kasuwa mai zuwa babu wadda za ta ɗora tukunyar baƙi, babu wadda za ta ɗauki dutse ko ɗaya zuwa ƙorama, sai ranar da muka ja guga muka ba yaro ya sha hankalinmu kwance. Kada ka ɗauka ban san abin da wannan zai jawo mini ba. Gonarmu ce a bakin ƙoramar, in ba a yi ginin nan bana ba ita ruwa zai fara ci, kuma ba mu da wata. Na auna, ni ce na fara ɗaga hannu.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare 'ya'yanka daga shan abin da namu suka sha, shi sa ka gama aikinka da mutunci.

Wassalam.

Rabi Mahamman,
Kukar Illo, ƙasar Garhanga.