Na ɓuya wa surukina a cikin jirgin sama

Salamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku taimaka min da shawara, yau kwana tara ke nan abinci ba ya min daɗi.

Ni ma'aikaciyar jirgin sama ce, mu ne masu nuna muku yadda ake ɗaura bel. Shekarata shida da aure a Tudun Wadan Zariya. Lokacin da dangin mijina suka taso wai matar aure ba ta yawo a sama, Baba ne, mahaifinsa, ya tsawatar ya ce a bar ni da aikina. Amma kun san kunyar surukai, tun da na shigo gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ce a durƙushe daga bakin ƙofa, shi ke nan.

Ran Talatar can muna ɗaukar fasinja daga Kaduna zuwa Legas, kawai na hango Baba zaune a kujerar ƙofar gaggawa, zai je ganin likita. Mijina ne ya zaɓa masa wurin don ya miƙe ƙafa. To a dokar aikinmu, mai zama nan sai wanda zai iya ɗaga ƙofar in wani abu ya faru, kuma dole ma'aikaciya ta tsaya a gabansa ta tambaye shi, ya amsa da bakinsa. Baba ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, ga sanda a hannu, ita ma dole a sa ta a ma'ajiyar sama kafin a tashi. Sandar kuwa ta kakansa ce, tun zamanin da Turawa suka shimfiɗa layin dogo zuwa Zariya, ko a gida babu mai taɓa ta.

Ɓangaren jirgin da nake kula da shi ne, ni ya kamata in je. Yaya zan tsaya a kan Baba, in ɗaga murya in ce ya tashi? Sai na shige bayan labule na tura abokin aikina, wanda ba ya jin Hausa. Bawan Allah bai yi da mugunta ba, amma da Turanci ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, ya zare sandar, ya nuna masa kujerar baya. Ina leƙe Baba ya tafi yana dafa kujerun mutane ɗaya bayan ɗaya, har hularsa ta faɗi wani ya miƙa masa. Har muka sauka ban fito ta wajensa ba.

Da na dawo gida muka yi faɗa sosai da mijina, ya ce na wulaƙanta ubansa, na ce doka ce, ya ce ba dokar ba ce ta hana ni fitowa. A nan ne ya gaya min ashe Baba ne ya ce a saya masa tikitin jirgin da nake, yana so ya ga aikin da ya tsaya min a kai. Inna, mahaifiyar mijina, ta ce Baba bai yi ƙorafin kujera ko sanda ba, abin da ya faɗa kawai shi ne ya ga takalmina a ƙarƙashin labule. Tun da na ji haka nake kuka. Yanzu in na gaishe shi yana amsawa, amma ya daina tambayata ya hanya.

Ran Alhamis zai koma asibitin, jikin ya ƙara tsanani, kuma ni ce a jirgin. Inna ta ce in canja ranar aiki da wata ma'aikaciyar, kar in ƙara masa ɓacin rai. Ni kuma ina tsoron wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. In canja in sake ɓuya, ko in aje kunya in tare shi a ƙofa in karɓi sandar da hannuna? Idan kuma na miƙa hannu ya ƙi ba ni fa?