Fankar Motarka Ta Juya, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina sanar da kai cewa jiya da hantsi fankar motarka ta juya da kanta.

Tun da muka fito da motar bayan rasuwarka take ɗaukar zafi. A kan titi lafiya lau, amma da an shiga cunkoson kasuwar Bodinga sai allurar ma'aunin zafi ta hau, ruwan lagireto ya tafasa. Yaya Aminu ya ce in ta sake tafasa a sayar. Inna ba ta musa masa ba, sai dai ta daina zancen zuwa Shagari ganin 'yan'uwanta, ko da an ce ga wata motar. A wannan ka riƙa kai ta duk tsawon zamanku, kuma a ita take son zuwa.

Na kai ta wurin Malam Bello mai gyaran wayar mota. Shawararsa ta farko ita ce wadda kowa ke bayarwa a nan: a haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa daga tayar da inji har kashewa, kowa ya huta. Na ce masa a'a. Ya yi dariya, ya ce bai san taurin kai ma ana rabawa cikin gado ba.

Na tuna ka tsaye gaban bonet, hannun riga a naɗe, kana cewa da harshenka na Sakkwato, "Mota ba ta ƙarya, mutane ka ƙin saurare." Ba ka taɓa yarda a rufe bakin ciwo ba a san tushensa ba.

Sai muka bi abin daki-daki. Fis bai ƙone ba. Muka jona fankar da batir, ta juya, wato ita ƙalau take. Muka musanya rile ɗinta, ɗan akwatin da ke sakar mata wuta, da na ham, ham ya yi kuka, fanka shiru. Saura makunnin da ke jin zafin ruwa ya ba da umarni. Shi ma da ransa, amma umarninsa ba ya isowa. Malam Bello ya bi wayar da ɗan ƙwan fitilar gwaji har ƙarƙashin mazaunin batir. Nan muka same ta a gutsure, ga kashin ɓera, ga ƙaiƙayin gero.

Baba, ka san yadda aka yi. Lokacin takaba Inna ta hana kowa taɓa motar. Ta sa aka tura ta cikin rumfa, aka lulluɓe ta da tabarmi don kada rana ta ci fentin. Da aka yi girbi, aka jibge dammunan gero a gefenta, domin nan ne inuwa mafi kyau a gidan. Ɓeraye suka samu ci da makwanci wuri guda. Ban faɗa wa Inna ba, kuma ba zan faɗa ba. Na ce mata waya ce ta tsufa.

An sa sabuwar waya, an naɗe ta. Muka bar injin yana aiki, muna tsaye. Allura ta kai tsakiya, fanka ta tashi, ta yi aikinta, ta tsaya. Na daɗe ban ji ƙara mai daɗi irin wannan ba. Na ba Inna labari, da la'asar sai na ga ta aika a sayo goro da sabulu na tsaraba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sanyaya maka shi, Ya sada mu da kai cikin rahamarSa.

A tsaye kawai aka gwada motar. Ranar Juma'a bayan an sauko za mu kama hanyar Shagari da Inna da kayanta, Yaya Aminu a gaba yana kallon allura.

Ɗanka,
Nasiru